Kare sunan kaya da sunan garinsu: rajistar asali, tambarin ƙungiya, ko tambarin shaida?

Shekaru aru-aru ana jeme fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi a Kano, a ɗora wa raƙuma su ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, don kawai ta tashoshin Maroko take fita. Makiyaya da majema suka sha wahala, suna ya tafi ga wasu. Irin wannan asara ce dokokin kare sunan asali suke son toshewa. Sai dai duk ƙungiyar manoma ko masu sana'a da ta tashi neman kariya takan tarar da hanyoyi huɗu a gabanta, kuma ba a rasa mai ba ta shawarar bin wadda ba ta dace da ita ba.

Hanyoyin su ne rajistar asalin yanki, wadda a Nijar da Kamaru ake taƙaita sunanta da IG, tambarin ƙungiya, tambarin shaida, da kuma tambarin kasuwanci na yau da kullum, wanda mutum ɗaya ko kamfani ɗaya ke mallaka.

Abin da za a auna

Kafin a tambayi kuɗi, a fara da tambayar abin da ake karewa: sunan garin ne kansa, ko zanen da aka manna a jikin buhu? Sai a duba wa zai riƙe haƙƙin, kuma ko yana iya hana maƙwabcinsa da ke noma kaya iri ɗaya a gari ɗaya. Bayan nan ne ake zuwa kan kuɗi, wanda kashi biyu ne: na rajista, da na sa ido bayan rajista. Na biyun ne yake kayar da ƙungiyoyi. Saura daɗewar kariyar, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin takarda ta fito, da irin haɗarin da ke tattare da kowace hanya.

Akwai ma'auni guda da yake gaba da waɗannan duka, wato ɓangaren iyakar da kuke.

Iyaka ce ke fara yanke hukunci

Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Burkina Faso da sauransu, ƙasashe 17, suna cikin OAPI, hukumar haɗin gwiwa da ke yi musu rajistar tambura da sunayen asali, mai hedikwata a Yawunde. Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda aka sake wa fasali a 1999 da 2015, ita ce dokarsu, kuma tana da babi na musamman kan rajistar asali. Takarda ɗaya daga OAPI tana aiki a ƙasashen 17 gaba ɗaya. Ghana ba ta cikin OAPI, amma tana da dokarta ta asalin yanki tun 2003.

Najeriya kuwa ba ta cikin OAPI, kuma ba ta da doka ta musamman kan rajistar asali, ko da yake an tsara daftarinta. Abin da ke hannu shi ne dokar tamburan kasuwanci ta 1965, wadda sashe na 43 a cikinta ya tanadi tambarin shaida. Saboda haka mai cittar Kaciya ko mai rinin Ƙofar Mata ba shi da zaɓi huɗu a gida. Biyu gare shi: tambarin shaida da tambarin kasuwanci na yau da kullum. Wannan yana da tasiri har a waje, domin yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce babu ƙasar da aka wajabta wa kare sunan da ba shi da kariya a ƙasarsa ta asali, kuma Tarayyar Turai tana neman shaidar wannan kariya ta gida kafin ta duba takardar kowa.

Rajistar asalin yanki

Wannan ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma mafi nauyi. Abin da take karewa sunan ne kansa, bisa hujjar cewa ingancin kayan ko shahararsu sun samo tushe daga wurin: ƙasar noma, ruwa, yanayi, ko gwanintar da mutanen wurin suka gada. Da zarar an yi rajista, wanda ba ya cikin yankin ba shi da ikon amfani da sunan, ko da ya rubuta inda kayansa suka fito na gaskiya, ko ya ƙara kalmomi kamar "irin na" ko "salon". Sunan ba ya zama mallakin kowa. Ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, kuma duk wanda ke cikin yankin yana bin ƙa'ida yana da haƙƙin amfani da shi.

Zuciyar aikin ita ce kundin ƙa'idoji. A ciki ake rubuta sunan, siffar kayan, iyakar yankin gari da gari, yadda ake sarrafawa mataki-mataki, hujjar alaƙar kayan da wurin, yadda za a yi lakabi, da wanda zai riƙa dubawa. A ɗauki kilishi. Kundin sai ya faɗi wane nama ake amfani da shi, kaurin yankan, a kan me ake shanya shi da nisansa daga ƙasa, abin da ke shiga labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro, ko an yarda da launin kanti a cikin jan kilishi, yadda ake gashi, da bambancin ja da fari da rumuzu. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai mahaucin da zai ce ba haka ya gada daga ubansa ba. Zaman sasanta wannan shi ne yake cin watanni, wani lokaci shekaru. Idan kundin ya yi tsauri, ƙananan masu sana'a sun fita. Idan ya yi sako-sako, sunan ba ya nufin komai ga mai saye.

A ƙasashen OAPI ƙungiyar masu kayan ce ke shirya takarda, kwamitin ƙasa ya tantance kundin, a tura Yawunde, a wallafa domin mai ja ya fito, sannan a ba da shaida. Kayan da suka fara samu su ne masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kofin Ziama-Macenta na Gini, duk a 2013. Masoron Penja bai samu rajistar Tarayyar Turai ba sai 2022, shekara tara bayan ta gida. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista.

Ba a sabunta rajistar asali duk bayan wasu shekaru kamar tambari. Tana nan muddin sharuɗɗanta suna nan. Kuɗin ajiye takarda ba shi ne abin tsoro ba: Tarayyar Turai ba ta karɓar kuɗin nema a kan kayan gona da abinci, kuma rajista ta tsarin Lisbon, na kare sunan asali a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya, wanda OAPI ta shiga, faran 1,000 ne na Suwizalan, ban da abin da wasu ƙasashe ke ƙarawa. Tsadar tana wajen binciken da ke tabbatar da alaƙar kaya da ƙasa, zana taswira, tarurruka, gwajin ɗakin bincike, da albashin masu dubawa kowace kaka. Rajistocin farko na OAPI da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa aka yi su, kuma babban haɗarin wannan hanya shi ne ranar da tallafi ya ƙare: takarda tana rataye a ofis, babu mai zuwa gona, babu mai zuwa tasha.

Albasar Galmi ta nuna wata matsala da ya kamata kowa ya lura da ita. Galmi gari ne a jihar Tawa, amma Violet de Galmi, sunan albasar da Faransanci, sunan iri ne kuma, ana shuka shi a Burkina Faso, Mali, Senegal da wasu wurare. A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar iri da wannan suna, Nijar ta ja, aka hana shi sunan. Duk da haka, rajistar asali ba ta hana manomin wata ƙasa shuka irin ba. Abin da take hanawa shi ne ya sayar da albasarsa a matsayin wadda ta fito daga yankin. Rarrabe waɗannan biyu a kasuwar Abijan, inda ake juye buhu a sake ɗurawa, a jera manya a baki a cusa wasu a ciki, ba ya yiwuwa sai da buhu mai hatimi, lambar da ke nuna rudun da aka ajiye albasar, da littafin da ke nuna buhu nawa suka bar kowace tasha. Idan adadin da ake sayarwa da sunan ya fi wanda aka girbe, littafin nan ne kawai zai tona.

Tambarin ƙungiya

Nan ƙungiya ce ke da tambarin, mambobinta kaɗai ke amfani da shi, bisa dokokin da ita ta rubuta ta ajiye tare da takardar nema. Ba a neman ta tabbatar da cewa ƙasar wurin ce ke ba kayan ɗanɗano, don haka babu dogon bincike. A OAPI tambari yana shekara 10, ana sabuntawa ba iyaka, kuma ana biya ne bisa ajin kaya: nama da cuku suna aji na 29, zuma da kayan yaji na 30, ɗanyar albasa na 31, fata na 18, yadi na 24. Nijar ta bi wannan hanya wajen cukunta da fatar jar akuyar Maraɗi, a daidai lokacin da ta zaɓi rajistar asali ga kilishi da albasa. Wannan rabo yana da ma'ana: masu yin cuku mata ne makiyaya a warwatse cikin daji, kuma bin kowace ruga da sufeto abu ne da ba ya ɗorewa.

Raunin tambarin ƙungiya shi ne yawanci zanen da kalmomin tare yake karewa. Wanda yake cikin garin da gaske, amma ba mamba ba, yana iya rubuta sunan garin a kayansa cikin gaskiya, ba ku da ikon hana shi. Ikonku yana kan mai kwaikwayon tambarin. Haɗari na biyu na cikin gida ne: shugabanni su mai da tambarin kamar gadon gidansu, su tsauwala kuɗin shiga, ko ƙungiya ta rabu biyu kowane ɓangare ya ce nasa ne. Maganinsa a rubuta tun farko sharuɗɗan shiga, dalilan kora, hanyar ɗaukaka ƙara, da makomar tambarin idan ƙungiya ta watse. A kuma tabbata sunan ƙungiya mai rajista ne a takardar, ba sunan shugabanta ba. Wannan kuskuren yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma gyara shi sai da yardar wanda sunansa ke kai, ko magadansa.

Dokar Najeriya ta 1965 ba ta ware babi ga tambarin ƙungiya ba. Abin da ƙungiya ke iya yi shi ne ta yi rajistar tambari na yau da kullum da sunanta, ta ba mambobi izinin amfani a rubuce.

Tambarin shaida

Bambancinsa da na ƙungiya ɗaya ne, amma babba: mai tambarin ba ya cinikin kayan. Aikinsa ya duba ya shaida cewa kayan sun cika ƙa'ida, ciki har da inda suka fito, kuma duk wanda ya cika dole a ba shi, mamba ne ko ba mamba ba. Amurka ta wannan hanya take kare sunayen yankuna, kamar dankalin Idaho. Indiya, duk da cewa shayin Darjeeling ne ya fara samun rajistar asali a can a 2004, hukumar shayinta tana riƙe da tambarin shaida a ƙasashen da ba su da irin tsarinta. Kolombiya ma haka ta yi da kofinta: tambarin shaida a Amurka, rajistar asali a Turai tun 2007.

Ga mutanen Najeriya wannan ce hanya mafi kusa da rajistar asali. Ana kai takarda ofishin rajistar tambura da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, tare da daftarin ƙa'idojin shaida, a wallafa a mujallar tambura, a jira wata biyu na masu ja. Kariyar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14-14. Wuyar ita ce samun mai shaida. Ƙungiyar da ke saye da sayar da cittar mambobinta ba za ta iya riƙe tambarin ba, domin tana ciniki. Sai a kafa wata hukuma dabam, ko a jingina da ma'aikatar gwamnatin jiha, ko cibiyar bincike. Idan aka jingina da gwamnati, a yi tunanin abin da zai faru in gwamnati ta sauya kuma kasafin dubawa ya tsaya. A ganina hukuma mai zaman kanta, wadda manoma, 'yan kasuwa da masana ke zaune a cikinta, tana karɓar ɗan kuɗi a kan kowane buhu da aka yi wa hatimi, ta fi ɗorewa.

Haɗarinsa: mai shaida ya yi sakaci ko ya nuna son kai, a nemi soke tambarin. Haka kuma duk tambarin da aka bari shekara 5 ba a amfani da shi, wani na iya neman a cire shi, a Najeriya da OAPI duka.

Tambarin kamfani

Shi ne mafi sauƙi da sauri, amma ba don sunan gari aka yi shi ba. Ofisoshin rajista kan ƙi sunan wuri tsurarsa, domin ba daidai ba ne mutum ɗaya ya rufe wa dukan gari baki. Abin da yake yi da kyau shi ne kare sunan da kuka ƙirƙira da zanenku. Mai kilishi a Kano da ke da suna nasa a kan leda wannan yake buƙata, ko da gobe an sami rajistar gari.

Habasha ce ta yi abin da ya saɓa wa wannan. Gwamnatinta ta nemi rajistar Sidamo, Harar da Yirgacheffe a matsayin tamburan kasuwanci a ƙasashen da ke sayen kofinta, saboda manoman ƙanana ne masu ɗimbin yawa, bin kowace gona zai ci kuɗin da ba a da shi. Ta yi taƙaddama da kamfanin Starbucks, aka sasanta a 2007, ta kuma riƙa ba masu saye izinin amfani da sunayen ba tare da karɓar kuɗi ba. Wannan aikin ƙasa ce mai lauyoyi da ofisoshin jakadanci, ba na ƙungiyar ƙauye ba.

| Ma'auni | Rajistar asali | Tambarin ƙungiya | Tambarin shaida | Tambarin kamfani |
|---|---|---|---|---|
| Abin da ake karewa | Sunan yankin kansa | Tambarin ƙungiya | Tambarin mai shaida | Suna da zanen mai shi |
| Mai amfani | Duk ɗan yankin da ya bi kundi | Mambobi kawai | Duk wanda ya cika ƙa'ida | Mai shi da wanda ya yi wa izini |
| Kuɗin farawa | Mai yawa | Matsakaici | Matsakaici | Kaɗan |
| Kuɗin sa ido | Mai yawa, kowace kaka | Gwargwadon ƙarfin ƙungiya | Mai yawa | Kaɗan |
| Daɗewa | Ba a sabuntawa | Shekara 10 a OAPI | 7 sannan 14 a Najeriya | 10 a OAPI. 7 sannan 14 a Najeriya |
| Lokacin shiri | Shekaru | Gajere | Matsakaici | Mafi gajarta |
| Babban haɗari | Dubawa ta tsaya | Rikicin shugabanci | Sakacin mai shaida | A ƙi sunan wuri |
| Samuwa a Najeriya | Babu | Ba a ware masa babi ba | Akwai | Akwai |

Abin da babu hanyar da ke yi muku

Kariya tana tsayawa inda takarda ta tsaya. Rajistar kilishin Nijar tana aiki a Garwa da Njamena, ba ta aiki a Kano ko Kumasi. Kuma cikakken sunan mai ɗauke da Nijar take karewa. Kalmar kilishi sunan abinci ce da Hausawa ke amfani da ita ko'ina. Wanda ke son kariya a waje sai ya biya can: a ofishin Tarayyar Turai tambarin kamfani yuro 850 ne a aji ɗaya ta intanet, na ƙungiya ko na shaida yuro 1,500, yana rufe ƙasashe 27 na shekara 10, a Amurka dala 350 ne kowane aji, ban da kuɗin lauya. Tarayyar Turai ba ta yarda tambarin shaidarta ya shaida asalin wuri ba, don haka mai son sunan yanki a can sai ya nemi na ƙungiya ko rajistar asali. 'Yan ƙasashen OAPI da Ghana suna iya bin tsarin Madrid su nemi ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Najeriya ba ta ciki, sai a bi ofis-ofis, kuma ɗan Najeriya da ke son tambari a OAPI sai ta hannun wakili mai izini.

Rajista kuma ba lasisin lafiyar abinci ba ce. Ba ta maye gurbin lambar NAFDAC, ba ta buɗe iyakar da aka rufe wa nama, ba ta goge maganin ƙwari daga hatsi. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, kuma da waken yana da rajistar asali ma, da hukuncin bai sauya ba.

Wa ya dace da wace

Ƙungiyar da ke Nijar, Kamaru, Chadi ko Ghana, wadda kayanta sun riga sun yi suna har ana satar sunan, yankinta yana da iyaka da za a iya zanawa, kuma akwai masu saye da ke biyan ƙari saboda sunan, ta nemi rajistar asali. Amma ta fara lissafa kuɗin dubawa na shekara, ta raba shi a kan buhunan da take fitarwa. In abin da ya hau kan kowane buhu ya fi ƙarin farashin da ake sa rai, lokaci bai yi ba.

Ƙungiyar da ba ta daɗe da kafuwa ba, ko masu sana'ar da ke warwatse, ko waɗanda har yanzu ba su daidaita a kan yadda ake yin kayan ba, su fara da tambarin ƙungiya. Dokokin da suka rubuta masa su ne za su zama tushen kundin ƙa'idoji in sun girma, kuma riƙe tambarin ba ya hana neman rajistar asali daga baya.

Masu kaya a Najeriya da sunan garinsu ke da daraja, irin cittar kudancin Kaduna, dankalin Jos ko rinin Kano, su kafa hukumar shaida su nemi tambarin shaida, su kuma rubuta ƙa'idojinsa kamar kundin rajistar asali ne: taswira, matakan aiki, littafin lissafin kaya. In dokar asali ta fito, aikin da ya fi wuya sun riga sun yi shi.

Ɗan kasuwa ɗaya ko kamfanin iyali ya yi rajistar sunansa da zanensa a ajin da ya dace, ya bar sunan gari a waje da abin da yake neman mallaka, ya kuma ajiye ranar sabuntawa a rubuce: shekara 7 daga ranar da ya kai takarda in a Abuja ne, shekara 10 in a Yawunde ne.